Bindiga ko shinge: yadda aka fuskanci zakin dutse a Amurka

Turawan da suka kafa gonaki a yammacin Amurka sun tarar zakin dutse, wato kuga, wata babbar dabbar daji dangin kyanwa, yana kashe musu tumaki da maruƙa. Yawancinsu bindiga suka zaɓa. Jihar Kalifoniya ma ta riƙa biyan lada kan kowanne da aka kashe, daga 1907 har 1963. Hanyar na da sauri, amma in babban namiji ya mutu, ƙanana marasa ƙwarewa kan mamaye yankinsa, kuma su suka fi faɗa wa dabbobin gida.

Ɗaya hanyar akwai wahala: shigar da garke shinge kafin magariba, karnukan gadi, makiyayi a kusa. Ni ita na fi so, domin kuga da dare ya fi farauta.