Bayan kwas ɗin 'yan koyo: sharhina kan labaran RFI na Faransanci mai sauƙi

Duk wanda ya koyi Faransanci shi kaɗai, ba aji ba malami, akwai wurin da yake zuwa ya tsaya cak. Ya gama kwas ɗin 'yan koyo, ya iya gaisuwa, ya iya tambayar farashi, ya haddace ranakun mako da sunayen launuka, to sai kuma ina? Da yawa a nan suke sake sayen wani kwas ɗin, su koma kan gaisuwa da ƙirge, su yi ta zagaye wuri ɗaya har sha'awar ta mutu. Ni wata hanya na bi, kuma tun da na jima a kanta na ga ya dace in faɗi abin da na samu. Sharhin nan a kan shirin gidan rediyon Faransa na RFI ne mai suna Journal en français facile, wato labaran duniya cikin Faransanci mai sauƙi, tare da 'yan abubuwan da na haɗa shi da su.

Harkar atamfa da shadda nake yi a Kantin Kwari, ita ce ta kai ni ga Faransanci. Zuwa Maraɗi ko Damagaram Hausarka ta ishe ka, ko da yake can ɗin ma, duk da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, takardun ofis da yawa da Faransanci suke. Amma da zarar ka sauka Kwatano ko Lome, labari ya canja. Takardar kaya Faransanci, ma'aikacin kwastan Faransanci, saƙon muryar da dillali zai turo maka a WhatsApp Faransanci. Tafinta kuwa, ko mai amana ne, ba duk maganar yake kawo maka ba, abin da ya ga ya dace yake tsinto maka.

Kwas ɗin farko a wata manhajar waya na yi shi. Ma'aunin da Turawa suka fitar a 2001 ya kasa ƙwarewar harshe gida shida: A1, A2, B1, B2, C1, C2. Yawancin kwasa-kwasan 'yan koyo a A1 ko farkon A2 suke sauke mutum, nan nawa ya sauke ni. Ina iya karanta gajeren saƙo in gane, ina iya haɗa jimla idan aka ba ni lokaci. Amma idan mai harshen ya buɗe baki, sai in ji maganar ta zubo a dunƙule, babu inda kalma ta fara babu inda ta ƙare. Kamar wanda ya koyi tuƙi a filin ƙwallo ne aka sake shi a hanyar Kwari da yamma.

Akwai dalili. Mu Hausawa mun saba abin da aka rubuta shi ake faɗa. Faransanci ba haka yake ba. Harufan ƙarshen kalma galibi ba a furta su, sannan wasu lokutan harafin da ya yi shiru sai ya farfaɗo ya manne da kalmar da ke gabansa. Ka ga les enfants a rubuce kalma biyu, a baki sai ka ji wani abu kamar lezanfan. Tsakanin ils ont da ils sont, wato "suna da" da "su ne", bambancin sautin z da s ne kawai. Wanda ya koya da ido kaɗai ba zai taɓa kama wannan ba. Shi ya sa na yanke cewa matakina na gaba na kunne ne, ba ƙarin kalmomi ba.

Shirin minti 10 ne, ana fitar da shi Litinin zuwa Juma'a, kyauta yake a shafin RFI na masu koyon Faransanci, kuma kowane shiri yana zuwa da rubutun duk abin da aka faɗa. Ba ya cin data sosai, za ka iya sauke shi inda sabis yake da ƙarfi ka saurara daga baya. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a mayar da mai sauraro yaro ba. Labaran ranar ne na gaskiya, zaɓe, yaƙi, tattalin arziki, ƙwallo. Mai gabatarwa yana sassauta harshe, yana gajarta jimla, idan kalma mai wuya ta zo yakan tsaya ya bayyana ta da Faransancin da ya fi sauƙi. Sai kuma a sako muryar wakili ko ta wani minista, su kuwa da gudunsu suke magana. Wannan haɗin ya yi mini daidai, domin a shiri ɗaya kana samun wurin hutawa da wurin da za a ja ka gaba.

Kada sunan ya yaudari kowa. Sauƙin na wanda ya riga ya yi nisa ne. A makonnin farko sunayen ƙasashe da na shugabanni kawai nake tsinta, sai 'yan kalmomi jefi-jefi. Abin da ya buɗe mini ƙofa wata dama ce da mu Hausawa muke da ita, wadda mai koyo a Ingila ko Amurka ba lallai ya damu da ita ba. RFI tana da sashen Hausa tun 2007, ga BBC Hausa, ga DW Hausa. Sai in fara jin labaran ranar da Hausa da safe. Idan na kunna na Faransanci da dare, na riga na san wane ne ya yi murabus, ina aka yi ambaliya, wa ya ci wasa. Kunnena ba ya wahalar neman ma'ana, aikinsa kawai ya ji yadda aka faɗe ta. Ba kowane labari yake dacewa ba, domin kowane sashe da abin da yake fifitawa, amma manyan labarai kusan kullum suna haɗuwa.

Ga yadda nake zama da shi. Bayan sallar isha'i, waya a gefe, littafin rubutu a cinya. In saurari shirin gaba ɗaya ba tare da kallon rubutu ba. Sannan in buɗe rubutun in sake ji, yatsa yana bin layi. A nan ne mutum yake ganin abin mamaki, kalmar da ka sani sarai, ka haddace ta tun a kwas, ita ce ta wuce ka ba ka gane ta ba. Daga ƙarshe in zaɓi labari ɗaya gajere, in riƙa dakatar da sautin bayan kowace jimla ina maimaitawa da ƙarfi, ina kwaikwayon inda muryar ta hau da inda ta sauka. Wannan na ƙarshen shi ne mai gajiyarwa, shi ne kuma mai riba.

Lambobi sun cancanci magana ta musamman, musamman ga ɗan kasuwa. Bafaranshe idan zai ce 70 sai ya ce sittin da goma. Tamanin kuwa huɗu sau ashirin. Idan ya zo 97 sai ka ji quatre-vingt-dix-sept, huɗu sau ashirin da goma da bakwai. A takarda abu ne mai sauƙi. A kunne, kafin ka gama lissafin, mai magana ya wuce jimla biyu. Labarai kuwa cike suke da lambobi: shekaru, adadin ƙuri'u, farashin gangar mai, kaso cikin ɗari. Sai na ware shafi guda a littafina, duk lambar da na ji in rubuta ta da alƙaluma nan take, bayan an gama in duba rubutun shirin in gwada. Da farko jan biro ya fi yawa a shafin. Yanzu idan dillali ya turo farashin bandir cikin saƙon murya, ba na neman a rubuto mini. Ko da wannan kaɗai shirin ya ba ni, ya biya lokacin da na ba shi.

Nahawu ma yana shiga ta kunne, idan ana jin abu ɗaya kullum. 'Yan jaridar Faransa suna da wata sigar aikatau da suke amfani da ita idan labari bai tabbata ba. Maimakon su ce a fait, sai su ce aurait fait, aikin da "wai" take yi mana ke nan. Kwas ɗina bai kai nan ba, a labarai na tsince ta, kuma tun daga lokacin nake bambance abin da aka tabbatar da abin da ake raɗe-raɗinsa. Haka nan sigogin nan biyu na abin da ya wuce, passé composé da imparfait, waɗanda masu koyo suke kuka da su. Bahaushe yana da su a bakinsa. "Ina cin abinci sai ya shigo": aiki ɗaya yana gudana, ɗayan ya faɗo a tsakiyarsa ya ƙare. Na farkon imparfait, na biyun passé composé. Rarraba sunaye namiji da mace ma ba baƙon abu ba ne gare mu, sai dai a kiyaye, ba kullum suke dacewa da namu ba. Rana mace ce a wurinmu, namiji a wurinsu. Wata namiji ne a wurinmu, mace a wurinsu. Saboda haka ba na rubuta sabon suna sai da le ko la ɗinsa.

Duk da haka kunne kaɗai ba ya tsara wa mutum nahawu. Na haɗa da littafi ɗaya, Grammaire progressive du français na matakin tsakiya. Tsarinsa darasi a shafin hagu, atisaye a shafin dama. Ba na bin sa daga farko zuwa ƙarshe. Abin da ya ɗaure mini kai a labaran jiya shi nake nema a ciki yau. Mai saye ya tabbata ya samu ɗan littafin amsoshin, domin dabam yake zuwa, kuma mai koyo shi kaɗai ba shi da wanda zai duba masa aiki.

Akwai abin da shirin ba zai ba ka ba, don ba aikinsa ba ne. Ba zai buɗe maka baki ba. Faransancinsa na ɗakin labarai ne, tsaf-tsaf, alhali a titi mutane suna yar da ne, kalmar korewa ta Faransanci, suna cewa on a maimakon nous idan za su ce "mu", suna haɗiye rabin kalma. Za ka iya bayanin taron ƙolin shugabanni ka kasa cewa kalar wannan atamfar tana zuba. Kuma lafazin Faris dabam, na kasuwar Dantokpa ta Kwatano dabam.

Maganin wannan mutum ne mai rai. Na samu wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatu a nan Kano, muka shirya muna zama a ƙarshen mako, ina ba shi ɗan abin shan ruwa. Wahalar zama da Bahaushe ɗan'uwanka ita ce da zarar magana ta cije sai harshe ya zame zuwa Hausa. Shi ya kafa dokar. Ya ce, "Alhaji, in mun zauna babu Hausa sai mun tashi. Ku faɗa ko a karkace, ni zan miƙe ta." Abin da muke yi mai sauƙi ne, in ba shi labari ɗaya daga shirin makon da bakina, ya yi mini tambayoyi, daga nan mu koma ciniki, shi mai kaya ni mai saye. Har yau vous yake ce mini, na girmamawa, ni kuma ya ce in riƙa ce masa tu, wato "kai" na sabo. A wurinsa na koyi inda kowanne yake zama, abin da rediyo ba za ta nuna maka ba.

Wani abu kuma da bai kamata in tsallake ba. RFI gidan rediyon gwamnatin Faransa ne, kuma daga Faris yake kallon duniya. Mali da Burkina Faso sun dakatar da shi a 2022, Nijar ta bi sahu a watan Agustan 2023, saboda haka 'yan'uwanmu na can ba lallai su same shi a rediyo yadda aka saba ba. Ni harshen nake ɗauka a wurinsu, labarin yankinmu kuwa ina auna shi da abin da nake ji a wasu kafafen. Wanda yake son Faransanci da lafazin Sahel ya nemi Studio Kalangou, wanda aka kafa a Yamai a 2016, yana fitar da labarai da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan Nijar. Ba a sassauta maganar don masu koyo ba, amma muryoyin irin waɗanda za ka haɗu da su ne a kan iyaka.

Mai koyo shi kaɗai yana bukatar abin da zai auna kansa da shi, in ba haka ba zai shekara yana zaton yana tafiya. Ni jarrabawar DELF na sa a gaba, matakin B1. Takardar shaida ce ta ma'aikatar ilimin Faransa, kuma ba ta ƙarewa, saɓanin TCF, wata jarrabawar Faransancin, da sakamakonta yake aiki shekara 2 kacal. Kashi huɗu ce, ji, karatu, rubutu da magana, kowanne maki 25. Ana cin ta da 50 cikin 100, amma duk kashin da mutum ya samu ƙasa da 5 ya kayar da shi gaba ɗaya, ko da sauran sun yi kyau. Wannan dokar ce ta tilasta mini fara rubutu, domin a B1 ana son aƙalla kalma 160 cikin minti 45, kana bayyana ra'ayinka. Yanzu kowane mako ina rubuta ɗan sharhi kan labari ɗaya, ɗalibin nan ya duba. Cibiyoyin Alliance Française, irin wadda muke da ita a Kano, su ne wurin da za a fara tambayar ranakun jarrabawa da kuɗin rajista.

Ga wanda ya kai ƙarshen A2, yana iya karanta sakin layi ya gane mafi yawansa, ina ba shi shawarar shirin nan ba tare da shakka ba, da sharaɗin zai riƙa buɗe rubutun kuma zai riƙa maimaitawa da baki. Kunna shi a mota ana hira ba ya ƙara komai. Wanda kuwa ya buɗe rubutun ya ga ko a rubuce bai gane kanun labaran ba, kada ya takura kansa. Ya fara da shafin gidan talabijin na TV5Monde na masu koyo, inda aka jera gajerun bidiyo da atisaye tun daga A1, shi ma kyauta, ya yi wata biyu ko uku a can kafin ya dawo.