Wace sakandare za ka kai yaronka bayan aji uku?

A ƙaramin gari, zaɓin iyaye bayan yaro ya gama ƙaramar sakandare ba ya wuce uku: makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo, makarantar kuɗi, ko ta kimiyya ta kwana wadda sai an ci jarrabawar shiga, irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Jihar Kano ta buɗe a 1977.

Kafin fenti da ƙofar ƙarfe su ɗauke maka hankali, tambayi wa ke koyar da Turanci da Lissafi. Jami'a kiredit biyar take nema a WAEC ko NECO, kuma Turanci dole yana ciki, haka ma Lissafi ga mafi yawan fannoni. Idan ɗan bautar ƙasa ne kaɗai ke riƙe da Lissafi, ka sani shekara guda zai yi ya tafi.

In yaro likita ko injiniya yake so ya zama, shiga ɗakin gwaje-gwaje da ƙafarka. Murɗa famfo ka ga ko ruwa na zuwa. Dubi kwalaben sinadarai, ko an taɓa su, ko ƙura ta rufe su a kabad. Fizis da Kemistiri da Bayoloji duk suna da jarrabawar aiki da hannu, kuma ɗalibin da bai taɓa auna asid ba sai ranar jarrabawa, hannunsa rawa zai yi. A nan makarantun kimiyya suka yi wa sauran fintinkau, ni kam su nake fifitawa ga mai wannan buri, muddin zai jure zaman kwana nesa da gida.

Makarantar kuɗi ba cunkoso, malami ya san sunan kowa. Sai dai da yawansu gidan haya ne, ba filin ko guje-guje. Tambaya ko a nan ake zana WAEC ko sai an kwashi yara zuwa wani gari, da kuma ko akwai kwamfuta, tunda JAMB a kanta ake yi.

Ta gwamnati kuwa, ajin ya cika maƙil, amma ga fili fetal, ga ƙwallo da gasar wasannin gidaje, ga ƙungiyar muhawara da JETS ta masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere da MSSN ta ɗalibai Musulmi da sikawut. Kada ka ɗauke su ɓata lokaci: yaro mai kunya a wurin muhawara yake koyon tsayawa gaban jama'a. Amma nemi ganin ranar da ƙungiyoyin ke zama, don wasu a allon sanarwa kawai suke. Idan ɗiya mace ce, tambaya ko 'yan mata na da nasu lokacin wasa da malamar da ke kula da su.