Corsodyl: yana rage jinin dasashi, amma ba rigakafin sankarar mama ba ne

Ana yawan alaƙanta ciwon dasashi da sankarar mama. Asalin maganar wani bincike ne na Jami'ar Buffalo a Amurka, da ya fito a 2015: cikin mata fiye da 73,000 da jinin al'ada ya ɗauke musu, masu ciwon dasashi sun fi sauran haɗarin kamuwa da sankarar mama da kashi 14 cikin 100. Alaƙa aka gani, ba a tabbatar ɗaya ke haddasa ɗaya ba. Don haka kada a ɗauka maganin dasashi irin Corsodyl zai hana sankarar mama.

Shi Corsodyl, maganin kurkure baki mai sinadarin chlorhexidine kashi 0.2 cikin 100, aikinsa na kashe ƙwayoyin cuta ba laifi. Mililita 10 ake aunawa, a kurkure minti 1, safe da dare, a tofar. Inda aka fi kuskure shi ne kurkurewa nan take bayan buroshi, domin sinadarin kumfar man goge baki yana kashe masa ƙarfi. A bari rabin awa ta wuce.

Aibinsa a fili yake. Yana rina haƙora da harshe ruwan ƙasa, balle ga mai shayi da goro, ɗanɗanon abinci ma kan canja na ɗan lokaci. Magani ne na 'yan makonni, kada a mai da shi na kullum.

Dattin da ya daskare a gindin haƙori kuwa, ko gezau. Sai likitan haƙori ya kankare. Mai ƙullutu a mama asibiti za ta nufa.