Kyamarorin tsaro a gidan motsa jiki: kuɗin ya biya, amma da sharaɗi

Ni ke kula da wani gidan motsa jiki a Kano, kuma tun kafin azumin da ya wuce muka sa kyamarorin tsaro. Abokan sana'a sun dame ni da tambaya ko kuɗin ya biya. Ya biya, sai dai duk mai niyya ya san cewa sayen kaya shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin.

Ɓatan kaya ne ya kai mu. Mutum zai ajiye waya da makullin mota a kan benci ya hau na'urar gudu, ya sauko ya tarar babu. Ƙananan ƙarafan ɗagawa ma sai su riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya. Zargi kullum a kan yaran da ke mana shara yake sauka, kuma wannan ya fi asarar ci mini rai, domin yara ne masu amana da ba su da hanyar wanke kansu.

Kasuwar nan kayan Hikvision da Dahua ne suka cika ta, dukansu kamfanonin birnin Hangzhou ne na ƙasar Sin. Masu aikin sa kyamarorin suka ba mu zaɓi tsakanin na'urar naɗar hoto iri biyu, tsohon tsarin DVR da kuma NVR mai PoE, wato mai ba kyamara wuta ta wayar da ke ɗauko hoto, muka ɗauki na biyun. Waya ɗaya ta Cat6 ke kai wa kyamara wuta ta kuma dawo da hoto, har tsawon mita 100, don haka babu tarin wayoyi a jikin bango. Kyamara takwas muka sa, kowace mai megafiksal 4, da faifan ajiya na terabayit 4 irin wanda aka ƙera don naɗi dare da rana. Da tsarin matse hoto na H.265, yana riƙe mana kusan mako uku kafin sabo ya hau kan tsoho.

Da rana hoton ba laifi, fuska na fita sarai daga ƙofa har ƙarshen zaure. Inda aka sha wahala shi ne madubi. Gidan motsa jiki rabin bangonsa madubi ne, kuma masu aikin sun saba da shaguna da gidaje, sai suka kafa kyamara biyu suna kallonsa kai tsaye. Da dare idan aka kashe fitilu, hasken infrared ɗin da kyamarar ke gani da shi a duhu sai ya daki madubin ya dawo mata, allon ya yi fari fat. Sai da suka dawo suka mayar da su kusurwa, suka sunkuyar da su ƙasa. Ta bakin ƙofa kuma, da hantsi rana na bayan mai shigowa, sai ka ga baƙar inuwa kawai. Kunna WDR, saitin da ke daidaita haske da duhu a hoto, ya gyara wannan. Wuta kuwa, kada wanda ya dogara da janareto kaɗai: tsakanin ɗauke wuta da tayar da shi na'urar ta mutu, kuma a wannan ɗan duhun ake ɗaukar abin mutane. Mun ɗora tsarin gaba ɗaya a kan inbata.

Satar ta tsaya. Sau ɗaya muka koma kan hoto saboda waya, ashe mai ita ne ya bar ta a bayan na'urar tuƙa keke. Haka da wani matashi ya ji ciwo a kafaɗa, hoton ya nuna mana yadda ya ɗora nauyi ba tare da mai tare masa ba, muka gyara dokar wurin.

Abin da ya fi komai nauyi a wurina shi ne lokacin mata. Da safe zauren nasu ne su kaɗai, da mai horarwa mace, suna cire hijabi su yi atisaye a sake domin sun amince babu idon namiji. Ranar farko wata dattijuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga kai, ta ce, "Malam, wannan abin wa ke kallonsa?" Tana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Mace ta biya kuɗinta ne don lafiyarta, kuma hoton da ya fita sau ɗaya ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Na'urar na da jadawalin naɗi, muka saita ta daina naɗar zauren a lokacinsu, amma hakan bai hana kallon kai tsaye ta waya ba. Don haka mai horarwar ce ke zare wayoyin kyamarorin zauren da hannunta a gabansu, ta mayar idan sun tashi. Na ƙofar waje da na wurin ajiye motoci kaɗai ke ci gaba da aiki. Ɗakin canza kaya da banɗaki kuwa ko waya ban bari an ja ta wajen ba.

A nan ne masu aikin suka ba ni haushi. Sun gama, an sallame su, ashe babban asusun na'urar na nan a wayar ɗaya daga cikinsu, wai don sauƙin gyara daga nesa. Ban zarge shi da mugun nufi ba, amma baƙo ba shi da hurumin leƙa wurinmu daga ɗakinsa. Na sa ya cire na'urar daga asusunsa a gabana, na canza kalmar sirri, yanzu ni da mai wurin kaɗai ke da ita. Wannan ma ba ra'ayina ba ne kawai. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su, kuma hoton da ake gane mutum a ciki bayani ne. Mun liƙa sanarwa da Hausa da Turanci a ƙofa, mun kuma kashe naɗar murya.

Kayan na yaba musu, aikin hannun masu sawa kuwa matsakaici ne. Duk wanda zai kira su ya tsaya a kansu, ya gwada hoton da dare kafin ya cika kuɗi, ya karɓi kalmar sirri a ranar. Idan hunturu ya shigo kuma, a riƙa goge gilashin na waje da ƙyalle mai laushi duk mako, domin ƙura na dusashe hoton dare fiye da yadda ake zato.