Robar hanyar fitsari: mai maganaɗisu ko ta gama-gari?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya wace roba ta fi dacewa a sa maka a hanyar fitsari, mai maganaɗisu ko ta gama-gari. Tunda likita ya ce bayan an fasa tsakuwar da ta toshe bututun ƙodarka robar za ta zauna sati 2 zuwa 3 kawai, ɗauki mai maganaɗisu in har asibitin suna da ita.

Wajen sawa duk ɗaya suke. Siririyar roba ce, kaurinta kamar milimita 2, tsawonta santimita 24 zuwa 26 ga babba, kai ɗaya ya nannaɗe a cikin ƙoda, ɗayan a mafitsara, fitsari ya riƙa bi har kumburi ya saɓe. Bambancin yana ranar cirewa.

Mai maganaɗisun, irin Black-Star da kamfanin Urotech na Jamus ke yi, an ɗaura mata ɗan ƙaramin maganaɗisu da zare a kan da ke mafitsara. Ranar cirewa sai a shafa maganin kashe zafi mai santsi, a zura wata robar mai laushi wadda ita ma bakinta maganaɗisu ne. Suna haɗuwa sai su manne, a jawo su tare a hankali. Ba kyamara, ba ɗakin tiyata, mintuna kaɗan an gama. Wani dattijo daga wajen Dadin Kowa da ya kwana da fargaba, an cire masa yana kwance yana jiran a fara, sai da aka nuna masa robar a cikin kwano sannan ya yarda.

Ta gama-garin tana aikinta, ta fi araha, amma sai an zura na'urar leƙa mafitsara an kamo ta da ɗan hantsaki, kuma sai ka jira layi.

Sai dai akwai inda mai maganaɗisun ba ta dace ba. Ba a shiga na'urar hoton MRI da ita a jiki. Ba a yi ta don doguwar zama ba. In ta wuce lokacinta gishirin fitsari yakan daskare a kanta, jan ya gagara. Haka in furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kumbura ta turo cikin mafitsara, maganaɗisun biyu kan kasa haɗuwa, dole a koma ga kyamara. Wanda tsargiya ta ƙuntata wa bututu, wanda zai yi watanni da roba, ta gama-gari ce tasa.

Yawan jin fitsari, ɗan jini-jini, da sukar kwiɓi lokacin fitsari, kowacce tana kawo su. Ka sha ruwa sosai. Zazzaɓi da rawar sanyi kuwa, ka koma asibiti a ranar.

Kada ka sayi robar a hannun ɗan kamasho a bakin ƙofar asibiti. Ka duba ranar lalacewa, ka tabbata ledar ba a buɗe ba, kuma robar cirewar tana tare da ita, don in babu ita kuɗinka ya tafi a banza. Masu tallar zobe da ɗamarar maganaɗisu a tasha wai suna narkar da tsakuwa, ƙarya suke yi. Ka rubuta ranar cirewa a wayarka tun kafin a sallame ka.