Sahun Dogon Mashi ko Dakarun Rum a Rome: Total War?

Masu buga Rome: Total War, wasan yaƙi na kwamfuta da ya fito a 2004, suna yawan tambaya wanne ya fi tsakanin sahun dogon mashi na Masidoniya da dakarun Rum.

Sahun dogon mashi da wuya a karya shi ta gaba, musamman idan aka toshe gada ko ƙofar gari da shi, amma yana da nauyin juyawa, kuma da zarar mahaya dawakai sun ɓullo masa ta baya sai ya watse. Dakarun Rum kuwa sukan fara jifa da mashi kafin su zare takobi, suna sauya matsayi cikin hanzari, sai dai tunkarar tsinin mashi gaba da gaba yana jawo musu asara mai yawa.

Mai haƙurin tsare wuri, wanda yake da mahaya dawakai masu tsare gefen sahu, sahun mashi ya dace da shi. Mai son kewaye abokin gaba ya ɗauki dakarun Rum.