Haɗa tsohon injin CNC da sabuwar kwamfuta: me ya kamata ka saya?

Injin CNC shi ne injin yanka da ke aiki bisa shirin kwamfuta. Kafin ka kashe ko kwabo, duba girman ƙwaƙwalwar injin. Tsofaffin na'urorin sarrafawa irin su Fanuc 6 da Fanuc 0 ana auna ƙwaƙwalwarsu ne da tsawon tef ɗin takarda, kuma mita 80 kusan KB 32 ce kawai. Idan shirye-shiryen aikinka ƙanana ne, suna shiga gaba ɗaya, kusan kowace hanya za ta wadatar. Amma idan shirin ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar, sai dai a riƙa tura masa layi-layi yana yanka, abin da ake kira DNC. A nan ne kayan arha ke tona wa kansu asiri.

Yawancin waɗannan injuna ta kafar RS-232, wata tsohuwar kafar soka wayar sadarwa, suke karɓar bayanai, ga shi kuma yawancin sababbin kwamfutoci sun daina zuwa da ita.

Abin da kowa ke fara kai wa hannu shi ne ɗan kebul mai mayar da USB zuwa RS-232. Ya fi komai arha, kuma don loda ɗan gajeren shiri ba laifi. Matsalarsa tana wajen dakatawa. Idan injin ya cika, yakan aiko da alamar XOFF cewa a tsaya. Kebul marar inganci sai ya ci gaba da zuba abin da ya riga ya tara, injin ya yi ƙararrawa ko wasu haruffa su salwanta ana tsakiyar yanka. Harafi ɗaya ya ɓace a lambar zurfi, ƙarfe da wuƙa duk sun tafi. In dole sai shi, nemi mai ƙwayar lantarki (chip) ta kamfanin FTDI, ka rage lokacin jinkirinsa daga milisakan 16 zuwa 1 a saitin Windows, ka kuma rage ma'ajiyar FIFO, wato inda bayanai ke taruwa kafin a tura su. Masu jabun ƙwayar Prolific sun cika kasuwa, a guje su.

Mai kwamfutar tebur ya fi dacewa ya sa mata katin PCIe, wanda ake sokawa a cikin kwamfutar, mai kafar RS-232. Ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Sai dai wayar RS-232 ba ta son wuce kimanin mita 15, don haka kwamfutar za ta zauna kusa da ƙura da feshin mai.

Idan injuna sun kai uku ko huɗu, akwatin da ke haɗa RS-232 da layin Ethernet (wayar da ke haɗa kwamfutoci da juna), irin Moxa NPort, shi ne ya cancanci kuɗinsa: ɗaya a jikin kowane inji, guntuwar waya, kwamfuta ɗaya a ofis tana ciyar da su duka. Ga inji guda kuwa, ni na fi son ƙaramin akwatin DNC da ake soka wa fulashi. Babu Windows da za ta tashi sabunta kanta ana tsakiyar aikin awa shida. Injin da ke da gurbin fulofi ana iya musanya gurbin da na'urar da ke kwaikwayonsa ta fulashi, amma a tabbatar ko na KB 720 ne ko na MB 1.44.

Duk wanda ka zaɓa, saitin ɓangarorin biyu sai ya zo ɗaya. A Fanuc an saba da gudun tura bayanai (baud) na 4800 ko 9600, bit 7 na bayani, fariti iban (even parity), bit 2 na tsayawa. Kada kuma ka ɗauki kowace waya mai fil 25 ka soka. Fil na 25 a Fanuc yana ɗauke da wutar lantarki mai ƙarfin volt 24, yana iya ƙona kafar kwamfuta, kuma galibi ana haɗe fil 6 da 8 da 20 a ɓangaren injin. Sayi wayar da aka ɗaure musamman don na'urarka, ka ƙara da na'urar raba wuta ta haske (optical isolator) a tsakani, domin bambancin wayar ƙasa tsakanin inji da kwamfuta yakan ƙona allon sadarwar injin, wanda samun madadinsa yanzu sai an sha wuya.